WAƘA A CIKIN DARE: TAƘAITACCEN TARIHIN WAƘOƘIN MAKOKI NA KIRISTA A DUWATSUN AMURKA

GABATARWA

 Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kiyaye mu har muka ga wannan rana ta cikar ikilisiyarmu shekara 50. A sauran shafuffukan wannan littafi za ku ga sunayen fastocin da suka yi hidima a cikinmu, da hotunan dattawa, da labarin ginin majami'a. Ni kuwa rabona shi ne in yi rubutu a kan waƙa, na kuwa zaɓi irin waƙar da ba a cika rerawa ranar biki ba, wato waƙoƙin da suke magana a kan mutuwa, da nauyin zunubi, da ranar shari'a, da kukan mai bi sa'ad da ya ga kamar Allah ya yi shiru.

Wani zai ce, "Baba Fasto, yau ranar murna ce, me ya kawo maganar kabari?" Amsa ita ce, cikin shekarun nan 50 mun ɗaura aure, mun yi baftisma, mun keɓe jarirai, amma kuma mun raka 'yan'uwa da yawa makabarta. Yawancin waɗanda suka durƙusa suka yi addu'ar farko a wannan wuri ba su tare da mu yau. Waƙoƙin da suka riƙe mu a waɗancan ranaku su ma suna da tarihi, kuma wani reshe babba na tarihin nan ya tsiro ne a wata ƙasa mai nisa, cikin talakawan Amurka. Labarin wannan reshe nake so in ba ku, sa'an nan mu ga abin da ya shafe mu a ciki.

MUTANEN DUWATSU DA WAƘOƘINSU

A gabashin Amurka akwai jerin duwatsu masu tsawo da ake kira Apalachiya, sun ratsa jihohi kamar Birjiniya, da Kentaki, da Tenesi, har zuwa arewacin Alabama. Tun daga shekarun 1700 talakawa daga Sikotilan, da arewacin Ailan, da Ingila suka yi ta shiga waɗannan duwatsu suna saran daji suna noma. Rayuwa a can ba ta da sauƙi. Likita yana nesa, mata suna mutuwa wajen haihuwa, yara suna mutuwa da zazzaɓi, mutum shi ne zai sassaƙa akwatin gawar ɗansa da hannunsa. Sun zo da tsofaffin waƙoƙin gargajiya masu ba da labarin kisankai da cin amana, sun kuma zo da waƙoƙin sujada na Isaac Watts (1674-1748) da na Charles Wesley (1707-1788). Waɗannan koguna biyu suka haɗu a bakin mutum ɗaya.

Da yake littattafai ba su da yawa, masu iya karatu kuma kaɗan ne, sai mai jagora ya faɗi layi ɗaya, jama'a su ɗauka su ja shi a hankali, ba kiɗa ba tafi. Tsofaffinmu da suka yi sujada a ƙauye kafin Littafin Waƙoƙi ya wadata sun san wannan hanya. Har wa yau akwai ikilisiyoyin Baptis na tsohon tsari a gabashin Kentaki da suke yin waƙa haka.

A watan Agusta na 1801 aka yi babban taron falkaswa a wani wuri da ake kira Cane Ridge, a Kentaki. Mutane fiye da dubu 10 suka taru a daji kusan mako guda, suna kwana cikin kekunan doki, masu wa'azi suna hawa kututture suna kira ga tuba. Daga irin waɗannan tarurruka aka sami waƙoƙi masu gajeren amshi da kowa zai iya kamawa nan take. Bayan haka malaman waƙa suka shiga yawo ƙauye ƙauye suna koyarwa da wata dabara mai sauƙi: kowace murya an ba ta siffarta a takarda, wata mai kusurwa uku, wata zagayayya, wata mai kusurwa huɗu, domin manomin da bai yi makaranta ba ya iya karanta karin waƙa. William Walker ya buga littafinsa Southern Harmony a 1835, B. F. White da E. J. King kuma suka buga The Sacred Harp a 1844. Masu rera waƙoƙin littafin nan na biyu sukan zauna ɓangare huɗu suna fuskantar juna, mai jagora yana tsakiya. A babban taronsu na shekara akwai lokacin da ake tsayawa a karanta sunayen waɗanda suka rasu tun taron bara, da na marasa lafiya, sa'an nan a yi musu waƙa. Wannan al'ada tana nan har yau.

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ya ci rayuka fiye da dubu 600. Da aka gama da yaƙi sai ramukan haƙar kwal suka buɗe baki. Mu da muka san abin da ramin kuza ya yi wa iyalai a ƙasar Jos za mu fahimta. A ranar 6 ga Disamba 1907 wani rami ya fashe a garin Monongah, mutum fiye da 360 suka mutu a safiya ɗaya. Mutanen da suke zaune cikin irin wannan hali ba su ɗauki maganar mutuwa a waƙa abin ƙyama ba. Mutuwa rigar kowa ce, su kuwa kullum suna ganin ana sa ta.

BAYI, BANJO, DA SUNAN JUBILI

Kogi na uku ya fito ne daga wajenmu. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun ƙera wani abin kiɗa da ƙwarya da fata da tsirkiya, ɗan'uwan gurmi da molo, shi ne ya zama banjo. Daga baya fararen fata na duwatsu suka karɓe shi har ya zama kamar nasu. Bayin kuma, sa'ad da suka ji labarin Musa da Fir'auna, da Daniyel a ramin zakoki, da Yesu a kan gicciye, suka ga kansu a ciki, suka tsara waƙoƙin ruhaniya masu nishi da bege tare.

A nan akwai abin da ya dace da bikinmu. Bayan an haramta bauta a 1865, aka buɗe makarantar Fisk a birnin Nashbil a 1866 domin 'yantattun bayi. Ba a daɗe ba kuɗi ya ƙare, makaranta tana shirin rufewa. A ranar 6 ga Oktoba 1871 ɗalibai 9 suka fita yawon waƙa domin neman taimako, tare da malaminsu George White. Da fari suna jin nauyin rera waƙoƙin iyayensu a gaban baƙi, gama waƙoƙin suna tuna musu da bulala da sarƙa. Amma da suka rera su, sai masu ji suka yi ta hawaye. Aka sa musu suna Mawaƙan Jubili, bisa ga Littafin Firistoci sura 25, inda Allah ya umarta a busa ƙaho a shekara ta 50 a saki bayi, kowa ya koma gādonsa. A 1873 sun yi waƙa a gaban Sarauniya Biktoriya ta Ingila, da kuɗin da suka tara kuma aka gina babban zauren makarantar, wanda aka buɗe a 1876. Ku lura da kyau: ƙungiyar mawaƙa da ta fi shahara da sunan Jubili a duniya, da waƙoƙin baƙin ciki ta yi suna.

ZAMANIN FAIFAI

Shekarar 1927 babbar shekara ce a wannan tarihi. A ƙarshen Yuli da farkon Agusta, wani wakilin kamfanin faifan garmaho na Victor mai suna Ralph Peer ya kafa na'urarsa a garin Bristol, a kan iyakar Tenesi da Birjiniya, ya yi shela cewa duk mai waƙa ya zo. Cikin waɗanda suka sauko daga dutse akwai A. P. Carter da matarsa Sara da Maybelle, matar ƙanensa. Su ne aka sani da Iyalin Carter, daga gare su kuma da Jimmie Rodgers masana suke ƙirga mafarin kiɗan kantiri na kasuwa. Waƙarsu ta 1935, "Can the Circle Be Unbroken", labarin ɗa ne da yake kallon ana fita da gawar mahaifiyarsa, yana tambaya ko iyalin za su sāke haɗuwa a sama. An gina ta ne a kan wata waƙar sujada ta 1907 wadda Ada Habershon, wata mace 'yar Ingila, ta rubuta.

A wannan shekara ta 1927 wani makaho baƙar fata daga Teksas, Blind Willie Johnson, wanda yake wa'azi a bakin titi da jitarsa, ya fara sa muryarsa a faifai. Waƙa 30 kaɗai ya bari. Ɗaya daga cikinsu, "Dark Was the Night, Cold Was the Ground", tana tuna daren da Ubangiji ya sha wahala. Kusan babu kalmomi a cikinta, nishi ne da kukan tsirkiya. Mutumin nan ya mutu cikin talauci a 1945, bayan gobara ta cinye gidansa ya ci gaba da kwana a kangon. Amma a 1977, da Amurkawa za su harba kumbo biyu masu suna Voyager zuwa sararin sama, suka liƙa wa kowanne faifai mai ruwan zinariya ɗauke da zaɓaɓɓun muryoyin 'yan Adam, waƙar makahon nan kuwa tana ciki. Ɗaya daga cikin kumbon nan shi ne abu mafi nisa daga duniya cikin dukan abin da hannun mutum ya ƙera.

Akwai kuma Dock Boggs (1898-1971), mai haƙar kwal a Birjiniya, gwanin banjo. Ya yi faifai a 1927, sa'an nan ya ajiye kiɗa kusan shekara 30, a lokacin da masu ibada da yawa a yankinsa suke ɗaukar banjo kayan mashaya ne. Da aka nemo shi a 1963, cikin abin da ya rera akwai tsohuwar waƙar nan "O Death", inda mai mutuwa yake roƙon mutuwa ta ɗaga masa ƙafa, ita kuwa ba ta karɓar toshi.

MAWAƘAN DA SUKA YI WA'AZI, DA YADDA SUKA ƘARE

A nan tarihi ya zama gargaɗi, ina roƙon 'yan ƙungiyar mawaƙa su karanta a hankali.

Hank Williams, ɗan Alabama, an haife shi a 1923. Shi ya tsara "I Saw the Light", waƙar tuba wadda ta fito a 1948, har yau ana rera ta a majami'u. Daga 1950 ya riƙa fitar da wasu faifai da wani suna dabam, Luke the Drifter, inda yake magana kamar mai wa'azi a kan jinƙai da sakamakon zunubi. Amma giya da magungunan ciwon baya suka riƙe shi. A 1952 aka sallame shi daga babban dandalin waƙa na Grand Ole Opry saboda maye. A ranar 1 ga Janairu 1953 aka same shi ya mutu a kujerar bayan mota, a kan hanyar zuwa wasa, yana da shekara 29. A wurin jana'izarsa aka rera masa waƙar hasken da shi kansa ya tsara.

'Yan'uwan nan biyu, Ira da Charlie Louvin, sun tashi a gonar auduga a arewacin Alabama, cikin dangi masu rera waƙoƙin The Sacred Harp. Muryoyinsu sun dace da juna ƙwarai da gaske. A 1959 suka fitar da faifai mai suna Satan Is Real, ma'ana Shaiɗan gaskiya ne, yana nan. Domin hoton bangon faifan, Ira ya yanka siffar Iblis da katako mai tsawon ƙafa 12, suka kai shi ramin fasa dutse, suka tara tsofaffin tayoyi suka zuba kananzir suka cinna wuta, su biyu suka tsaya a gaba cikin fararen kwat. Mutane da yawa a yau dariya suke yi wa hoton, amma su da gaske suke yi. Ira yakan ji a ransa cewa an kira shi ga aikin wa'azi ya ƙi, kuma giya da zafin rai suka addabe shi, har yakan fasa abin kiɗansa a gaban jama'a. A 1963 ƙanensa ya rabu da shi. A watan Yuni 1965 ya mutu a hatsarin mota a jihar Misuri, wani direba da ya sha ya bugu ne ya afka musu.

Ba mu ne masu shari'a ba, Allah kaɗai ya san abin da ya wuce tsakaninsa da bayinsa a numfashi na ƙarshe. Amma Manzo Bulus kansa, a 1 Korintiyawa 9:27, ya nuna yana horon jikinsa domin kada bayan ya yi wa waɗansu wa'azi shi a ƙi shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Labarin Johnny Cash (1932-2003) ya bi wata hanya. Yana ɗan shekara 12, a 1944, injin tsaga katako ya yanke wansa Jack, yaron da yake shirin zama mai wa'azi, ya yi kwanaki yana jinya ya rasu. Wannan rauni bai rabu da Cash ba har tsufa. Ya yi suna, ƙwayoyi suka kusa hallaka shi a shekarun 1960. A 1968 ya yi wa fursunoni waƙa a kurkukun Folsom, a shekarar kuma ya auri June Carter, 'yar Maybelle ta Iyalin Carter, wadda ita da iyayenta suka tsaya masa. Ya riƙa sa baƙaƙen kaya, ya ce yana sa su domin matalauta da fursunoni da waɗanda ba su ji Bishara ba. Ya yi fim a kan rayuwar Yesu a ƙasar Isra'ila wanda ya fito a 1973, ya yi waƙa a tarurrukan Billy Graham, ya rubuta littafi a kan Manzo Bulus a 1986. Ya sāke faɗuwa, ya sāke tashi, bai kuwa ɓoye ba. A 1994, lokacin da kamfanoni suka ɗauka zamaninsa ya wuce, ya fara wani jerin faifai da muryarsa da jita kawai. A 2002, yana tsoho marar lafiya, ya fitar da "The Man Comes Around", wadda ya tsara daga Ru'ya ta Yohanna, a kan dawowar Kristi domin shari'a. Matarsa ta rasu a watan Mayu 2003, shi kuma ya bi ta a watan Satumba.

SABON TSARA

Wajen 1990 wasu matasa a Amurka suka gaji da kiɗan kantiri na rediyo, wanda ya zama na ado da kasuwa, suka koma tonon tsofaffin faifai. Ƙungiyar Uncle Tupelo ta fitar da faifai a 1990 mai suna No Depression, sunan da ta ɗauko daga wata waƙar Iyalin Carter ta 1936 a kan sama, inda babu yunwa da fatara. A 1996 Gillian Welch ta fitar da Revival, da waƙoƙin marayu da matalauta masu sa zuciya ga Allah. A 2000 wani fim mai suna O Brother, Where Art Thou? ya sa duniya ta ji tsoho Ralph Stanley (1927-2016), ɗan Baptis na tsohon tsari daga Birjiniya, yana rera "O Death" da murya zalla ba kiɗa. A 2002, yana da shekara 75, aka ba shi lambar yabo ta Grammy saboda ita.

Reshen da ya fi duhu shi ne wanda 'yan jarida suka laƙaba wa suna gotik. Kalmar sunan salon ginin manyan majami'un Turai ne na dā, masu tsayi, daga baya aka riƙa kiran labaran ban tsoro da ita. Fitaccen mawaƙi a wannan reshe shi ne David Eugene Edwards na birnin Denba, wanda aka haifa a 1968, jikan wani mai wa'azi na ikilisiyar Nazarin. Ƙungiyarsa, 16 Horsepower, ta fitar da Sackcloth 'n' Ashes a 1996, wato tsummoki da toka, alamar tuba a Tsohon Alkawari. Da banjo da tsohon akodiyan yake rera waƙoƙin zunubi da tsoron Allah da jinin Kristi, ba a majami'a ba, a gidajen rawa, gaban matasan da yawancinsu ba su zuwa sujada, musamman a Turai. Ƙungiyar ta watse a 2005, ya ci gaba da wata mai suna Wovenhand.

Amma dole a rarrabe. Cikin masu wannan salo akwai waɗanda suka ba da gaskiya, akwai kuma waɗanda suka ari kalmomin majami'a kawai, kabari da wuta da Shaiɗan, domin suna ba da tsoro kuma suna sayar da faifai. Ba kowane mai ambaton gicciye ne ya durƙusa a gabansa ba. Matasanmu da suke samun waɗannan waƙoƙi a intanet su riƙa tambaya: ina waƙar nan ta ajiye ni, a bakin kabarin da yake rufe, ko a bakin wanda aka mirgine dutsensa?

YADDA ABIN YA ISO GARE MU

Bisharar da ta zo ƙasarmu ta zo ne da makoki. Cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893, waɗanda aikinsu ya zama mishan ɗin SIM, biyu sun mutu a 1894: Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida. Rowland Bingham kaɗai ya koma. Karl Kumm na SUM ya iso Wase a 1904, Stover Kulp da Albert Helser kuma suka fara aiki a Garkida a 1923. Da yawa cikin waɗanda suka biyo baya daga Amurka da Kanada suka fito, suka kawo waƙoƙin tarurrukan falkaswa na ƙasarsu, aka juya su zuwa Hausa. Shi ya sa in ka buɗe Littafin Waƙoƙi za ka tarar da maganar ƙetare kogi, da gida na sama, da kiran suna a rana ta ƙarshe. Tushensu ɗaya ne da na waƙoƙin mutanen duwatsu.

Rediyo ya ƙara kawo sauran. Gidan rediyon ELWA ya fara watsa shiri daga Laberiya a 1954, Muryar Bishara kuma ta riƙa zuwa ta Adis Ababa daga 1963 zuwa 1977. Faifan Jim Reeves, wanda ya mutu a hatsarin jirgin sama a 1964, ya shiga gidajen Kirista da yawa a Nijeriya, ana sa shi da safiyar Lahadi, ana kuma sa shi a gidan rasuwa. Muryarsa mai taushi ce, amma saƙon shi ne na tsofaffin nan, cewa mu baƙi ne a duniya. Mawaƙanmu irin su Panam Percy Paul sun ɗauki salon kantiri cikin waɗansu waƙoƙinsu. Zumuntar Mata kuwa, da tulu da caki, sun tsara nasu waƙoƙin gargaɗi da ta'aziyya da karin gida, waɗanda ba su bukaci aron kowa ba.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Littafi Mai Tsarki ya riga mutanen Amurka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a littafin waƙoƙin Isra'ila. Dawuda ya tsara makoki domin Saul da Yonatan, ya umarta a koya wa mutanen Yahuza (2 Sama'ila 1:17-18). Irmiya ya ce mata su koya wa 'ya'yansu mata waƙar makoki (Irmiya 9:20). Ubangiji kansa ya yi waƙa da almajiransa kafin ya fita zuwa Getsamani (Matiyu 26:30), Bulus da Sila kuma da tsakar dare suka yi tasu, bayansu duk sāwun bulala (Ayyukan Manzanni 16:25).

Mu ma mun ga dare. Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001, da 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilu 2014, ga kuma masu garkuwa da mutane a hanyoyi da gonaki. Mun binne namu, maƙwabtanmu Musulmi ma sun binne nasu. Amma in ka saurari sujadarmu ta yau, kusan dukan waƙoƙin na rawa ne da cin nasara da buɗi. Rawa a gaban Ubangiji abu ne mai kyau, yau ma za mu taka. Sai dai gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, in ta shigo ranar Lahadi ba ta sami ko waƙa ɗaya da ta san ciwonta ba, za ta ɗauka bangaskiyarta ce ta kāsa, ko kuwa ta kai kukanta wani wuri. Wannan hasara ce babba, kuma a hannunmu take.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu.

1. Ƙungiyar mawaƙa ta komo ga waƙoƙin ta'aziyya da na tuba da suke cikin Littafin Waƙoƙi, ta koya wa yara tun ba a yi rasuwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Matasa su zauna da iyayenmu na Zumuntar Mata su ɗauki tsofaffin waƙoƙinsu a waya, su rubuta su. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, masu ita kuwa suna ta tafiya.

3. Kowace shekara mu keɓe lokaci cikin sujada mu karanta sunayen waɗanda suka riga mu barci, mu gode wa Allah dominsu, mu yi wa iyalansu addu'a.

4. Dattawa su kula da rayukan mawaƙa, ba muryarsu kaɗai ba. Wanda yake tsaye a gaba da makirfo shi ma tunkiya ce mai bukatar makiyayi.

KAMMALAWA

Mai-Wa'azi 7:2 ya nuna akwai hikimar da ake samu a gidan makoki wadda ba a samunta a gidan biki, Manzo Bulus kuma a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana mu baƙin ciki ba, ya dai hana mu yinsa kamar marasa bege. Tsakanin ayoyin nan biyu waƙar mai bi take tsayawa. Manoman duwatsu da bayi da makaho mai wa'azi a bakin titi sun faɗi gaskiya a kan kabari domin sun gaskata akwai tashin matattu. Waɗanda za su yi bikin shekara 100 na wannan ikilisiya yau suna ajin Makarantar Lahadi, waɗansu ma ba a haife su ba. Ba mu san irin daren da za su bi ba. Mu bar musu gini, mu bar musu fili, mu kuma bar musu waƙar da za su iya rerawa a ranar da rawa ba za ta yiwu ba.

Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe ikilisiyarsa har ranar bayyanuwar Ubangijinmu Yesu Kristi. Barkanmu da Jubili. Amin.